Zaɓen Na'urar Auna Danshi Kafin Kama Hayar Sito ko Gida a Ƙasar Kurmi

Fatakwal: Kowace ranar Laraba, tun kafin gari ya waye, motocin kaya sukan cika bakin hanyar Aba a unguwar Rumuokwurusi, inda Kasuwar Oil Mill take ci. Daga cikin kayan da ake saukewa akwai waɗanda suka yi tafiyar kimanin kilomita 1,000 daga Arewa, kamar su wake da masara da gyaɗa da busasshen barkono da albasa. Ba dukan kayan ne suke ƙarewa a ranar kasuwa ba. Abin da ya rage sai ya kwana a sito har wata Larabar ta zagayo, wani lokaci ma har mako uku ko huɗu, kuma a cikin wannan zaman ne ribar ɗan kasuwa takan tabbata ko kuwa ta zube.

Dalili kuwa shi ne bambancin yanayi. Ruwan saman da yake sauka a Fatakwal cikin shekara ya haura milimita 2,000, alhali kuwa na Kano a yawancin shekaru ba ya kai 1,000. Da damina danshin iska a Fatakwal yakan wuce kashi 80 cikin 100 kwana da kwanaki, a Kano kuwa da hunturu yakan sauka ƙasa da kashi 20. Onica da Inugu suna tsakanin biyun, amma sun fi kusa da Fatakwal nesa ba kusa ba. Saboda haka buhun da ya bushe ƙayau a Kasuwar Dawanau, da zarar ya iso kurmi sai ya fara shan danshi daga iska. Idan kuma aka haɗa masa da bango mai tsatsafo ko daɓe mai laima, to funfuna ba ta da nisa.

Masu gidaje da shaguna a waɗannan birane sukan nemi kuɗin hayar shekara guda ko biyu a dunƙule, kuma wanda ya biya ya shiga, da wuya ya sake ganin kuɗinsa don ya ce bango yana jiƙa. Wannan ne ya sa bincika gini kafin biyan kuɗi ya zama wajibi. A Amurka binciken gida kafin saye sana'a ce mai zaman kanta, har masu yin ta suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa a 1976. A Nijeriya aikin yana hannun ƙwararrun masu kimanta ƙasa da gidaje da kuma magina masu rajista, amma ƙaramin ɗan kasuwa mai neman sito ɗaya ba kasafai yake kai musu ba. Yakan dogara ne ga idonsa da bakin dillali. Ido kuwa sabon fenti yana ruɗarsa, musamman idan a watan Janairu aka je duba wurin, lokacin da sararin sama ya yi wasai. Na'urar auna danshi, wadda ba ta fi a riƙe ta a tafin hannu ba, ita ce take taimaka wa ido a nan, muddin an sayi wadda ta dace kuma an san abin da take faɗa.

Abin da na'urar take aunawa

Abu na farko da ya kamata mai saye ya fahimta shi ne, babu ɗaya daga cikin waɗannan ƙananan na'urori da take auna ruwa kai tsaye. Dukansu halin lantarki suke aunawa a cikin abin da aka ɗora su a kai, sa'an nan su juya shi zuwa lamba bisa wani lissafi da masana'anta ta tsara. Hanyar da take auna ruwa da gaske ita ce ta ɗakin gwaji: a yanko guntun katako a auna nauyinsa, a gasa shi a tanda mai zafin digiri 103 har nauyinsa ya daina raguwa, a sake aunawa. Bambancin shi ne ruwan da ya fita. Da wannan hanya ake daidaita na'urorin hannu, kuma duk inda aka sami gardama mai girma, ita ake komawa.

Na'urorin iri biyu ne. Iri na farko yana da allurai biyu na ƙarfe waɗanda ake soka su cikin katako ko filasta. Na'urar tana tura ɗan ƙaramin lantarki daga allura ɗaya zuwa ɗayar. Busasshen katako ba ya barin lantarki ya wuce sai da ƙyar, jiƙaƙƙe kuwa yana ba shi hanya, don haka gwargwadon sauƙin wucewar lantarkin, gwargwadon hawan lambar. A jikin katako wannan iri yana ba da amsa abin dogaro daga wajen kashi 7 zuwa kusan kashi 30 cikin 100. Sama da haka lambar ba ta da wata ma'ana illa cewa katakon ya jiƙe sharkaf. Aibinsa shi ne yana barin ƙananan huji biyu duk inda aka soka, ba ya shiga tayil ko kankare mai tauri, kuma wuri ɗaya tak yake ba da labarinsa, watau tsakanin alluran nan biyu.

Iri na biyu ba shi da allura. Yana da wani faifai a bayansa wanda ake mannawa a jikin bango, ya aika da sigina cikin ginin zuwa zurfin kimanin milimita 20 a yawancin samfurori. Ruwa yana sauya yadda siginar take dawowa, na'urar kuma ta nuna sauyin. Da wannan iri ana iya share bangon ɗaki gaba ɗaya cikin 'yan mintoci ba tare da an ɓata fenti ba, kuma yana iya jiyo laima a bayan tayil. To amma shi ma yana da nasa aibin, wanda ya fi na ɗan'uwansa ruɗarwa: duk wani ƙarfe da yake ɓoye a cikin bango, ko rodi ne ko bututun ruwa ko wayar lantarki, yakan sa lambar ta hau kamar an sami ruwa. A ginin da aka yi da ginshiƙan kankare, mai bincike zai ga lamba ta yi tsalle a kowace kusurwa da kuma saman kowace ƙofa da taga, inda rodi yake. Wanda bai san wannan ba sai ya yanke wa lafiyayyen gini hukunci. Haka nan yana bukatar wuri mai sumul. A kan bulon da ba a yi wa filasta ba, amsarsa ba ta da tabbas.

Akwai kuma samfurori da suka haɗa biyun a jiki ɗaya, kamar Surveymaster na kamfanin Protimeter, wanda asalinsa na Ingila ne. Sauran sunayen da aka daɗe da sani a wannan fage sun haɗa da Tramex na Ailan, da Delmhorst da Wagner na Amurka, da Gann na Jamus. Ba a ambaci waɗannan don talla ba. Amfanin tsohon suna a nan shi ne na'urarsa takan zo da littafin bayani da jadawalin gyaran lamba da kuma abin gwada ingancinta, kuma waɗannan ukun su ne ainihin abin da ake biya wa kuɗi.

Lambar da aka tsara don wata ƙasa

A nan ne yawancin sababbin masu amfani da na'urar suke tuntuɓe, kuma a nan ne ya kamata a daɗe.

Ma'aunin na'ura mai allura don katako aka tsara shi. Idan aka soka ta a filasta ko bulo ta nuna 18, wannan ba ya nufin kashi 18 cikin 100 na bangon ruwa ne. Abin da take cewa shi ne, da a ce an jingina katako a wannan bango har ya zauna, to danshinsa zai kai wajen kashi 18. Wasu kamfanoni suna rubuta haruffan WME kusa da lambar don nuna haka, watau kwatankwacin danshin katako. Ainihin ruwan da yake cikin filastar ya yi ƙasa da haka sosai. Mai binciken da ya rubuta wa wanda ya ɗauke shi aiki cewa bangon yana ɗauke da ruwa kashi 18, ya faɗi abin da bai auna ba.

Na biyu, yawancin na'urorin suna da launuka uku. A ma'aunin Protimeter, alal misali, kore yana ƙasa da 17, rawaya daga 17 zuwa 20, ja kuma daga 20 zuwa sama. An sa iyakar a 20 ne domin katakon da ya daɗe sama da wannan yana cikin haɗarin ruɓewa. Wannan iyaka ta 20 tana aiki a ko'ina. Abin da ya bambanta shi ne inda lafiyayyen katako yake tsayawa. Katako yana shan danshi daga iska yana kuma sakinsa, har su daidaita. A iska mai danshi kashi 30, katako yakan tsaya a wajen kashi 6. A kashi 65 yakan tsaya a 12. A kashi 80 yakan kai 16, a kashi 90 kuwa ya taɓa 20. Ke nan ƙofar katako da take nuna 5 ko 6 a Kano da hunturu, irinta a Fatakwal cikin watan Yuli tana iya nuna 16 ko 17 ba tare da ɗigon ruwa ya taɓa ta ba. A ɗakin Ingila mai murhun ɗumama gida, 17 alama ce ta cewa akwai matsala. A Rumuokwurusi da tsakiyar damina, 17 tana iya zama halin gari kawai.

Maganin wannan shi ne kwatance. Kafin a fara bincike, sai a nemi wani wuri a cikin ginin wanda aka tabbata ruwa ba ya kai masa, kamar bangon da ya raba ɗaki biyu, a tsayin kafaɗa, a auna shi sau uku ko huɗu, a rubuta. Wannan lamba ita ce ma'auni na wannan gini a wannan rana. Duk sauran wurare da ita za a gwada su. Idan bangon tsakiya ya nuna 15, ƙasan bangon baya kuma ya nuna 24, to tazarar nan ta 9 ita ce labari. Idan kuwa ko'ina 16 ne ko 17, to iskar ɗakin ce take da nauyi, kuma abin da ake bukata shi ne tagogin shan iska, ba fasa bango ba.

Na uku, irin itace. An daidaita na'urorin Amurka da Turai ne da itatuwan can, dangin fir da fain. Katakon da ake samu a kasuwannin katako na Fatakwal da Onica kuwa su ne loko da maɗaci da obeche da afara da makamantansu, kuma kowanne yana da nasa hali. Ga na'ura marar allura nauyin itacen ne ya fi tasiri: loko ya kusan ninka obeche nauyi, saboda haka idan ba a gyara saitin ba, loko zai nuna ya fi jiƙa fiye da gaskiya, obeche kuma ya nuna ya fi bushewa. Kafin a biya kuɗi, sai a buɗe littafin na'urar a duba ko akwai itatuwan Afirka a cikin jadawalinsa. Zafi ma yana da nasa: an daidaita masu allura a wajen digiri 20, kuma duk ƙarin digiri 10 ko 11 yakan ƙara wa lambar kusan maki ɗaya. A cikin silin, ƙarƙashin rufin kwano da rana tsaka, wannan ƙari ba abin rainawa ba ne.

Gishiri

Akwai wani abu guda da yake yaudarar kowace na'ura ta lantarki, kuma ya shafi 'yan kasuwar Arewa fiye da kowa, watau gishiri. Gishiri yana sauƙaƙa wa lantarki hanya, yana kuma jan danshi daga iska da kansa. Gishirin miya yakan fara narkewa da zarar danshin iska ya wuce kashi 75 cikin 100, abin da ya sa buhunsa yake zufa a kurmi. Sito da aka taɓa ajiye gishiri ko kanwa ko takin zamani a cikinsa, ko ɗakin da aka taɓa ɗaure awaki da tumaki fitsarinsu ya ratsa daɓe, zai sa na'ura ta nuna ja ko da babu wani ruwa da yake shigowa daga waje. Haka kuma idan an yi filastar da yashin da aka haƙo daga rafin da ruwan teku yake shiga.

Saboda haka tambayar me aka ajiye a nan a baya tana cikin bincike, kuma maƙwabtan shago sun fi dillali ba da amsarta. Sai dai a lura, bango mai gishiri ko da ba ya tsatsafo, ba wurin jingina buhun gari ko sukari ba ne, domin fuskarsa takan yi laima duk lokacin da iska ta yi nauyi. Bambancin yana wajen magani ne: wannan sake filasta yake so, wancan kuwa sai an toshe hanyar ruwa.

Karanta bango

Lamba ɗaya ba ta faɗin inda ruwa ya fito. Jerin lambobi ne yake faɗa. A auna bango daga ƙasa zuwa sama, tazarar taƙi ɗaya ko biyu, a wurare da dama. Idan lambar ta yi yawa a gindi, tana raguwa yayin da ake hawa, ta yanke a wajen mita ɗaya, to alama ce ta ruwa mai hawowa daga ƙasa. Wannan ya yawaita a Fatakwal, inda ƙasa take shimfiɗe kuma ruwan ƙarƙashinta yake kusa, musamman a gine-ginen da ba a sa musu shimfiɗar hana laima a harsashi ba. Ƙa'idar gini ita ce wannan shimfiɗa ta kasance aƙalla milimita 150 sama da ƙasar waje, amma sau da yawa cikon da ake yi wa titi ko farfajiya bayan shekaru yakan binne ta. Idan mutum yana sauka ne daga titi zuwa cikin shago, to tun kafin ya fito da na'ura ya sami rabin amsa.

Idan lambar ta fi yawa a sama tana raguwa zuwa ƙasa, sai a duba rufi da indararo. Idan faci-faci ne a tsakiyar bangon waje, ruwan sama ne yake ratsa tsaga ko bulo marar ƙwari. A nan akwai abin lura ga mutumin Arewa, wanda ya saba da cewa bangon gabas ne yake shan dukan hadari. A bakin teku iskar damina daga kudu maso yamma take busowa, don haka wannan ɓangare ma sai an duba shi da kyau. Idan kuwa laimar wuri ɗaya ce kusa da makewayi ko famfo, kuma ba ta san rani ko damina ba, to bututu ne ya fashe.

Kowane gari da nasa abin dubawa. A Onica, wadda take bakin Kogin Kwara, ambaliyar 2012 da ta 2022 sun mamaye wurare masu kwari a kewayen birnin, musamman yankin Ogbaru. Ginin da ruwa ya taɓa kwana a cikinsa yakan bar layi a jikin bango, kuma ko an rufe layin da fenti, gishirin da ruwan ya bari yakan sa na'ura ta nuna shi a tsayi ɗaya a duk faɗin ɗakin. A Inugu kuwa, wadda take gindin tsaunukan Udi, abin dubawa shi ne shagon da aka sare gangare aka gina, bangon bayansa yana jingine da ƙasa. Irin wannan bango yakan jiƙa har iyakar tsayin ƙasar da take bayansa.

Daɓen kankare yana da wuya ga ƙananan na'urori, domin fuskarsa takan bushe alhali cikinsa yana jiƙe. Akwai gwaji mai arha da ya fi su a nan. A yanko leda mai kauri, kimanin santimita 45 a kowane gefe, a shimfiɗa ta a daɓe, a liƙe gefunanta huɗu da salatif, a bar ta aƙalla awa 16. Idan aka ɗaga aka ga raɓa a ƙarƙashinta ko kankaren ya yi duhu, to laima tana tasowa. Ana yin irinsa a bango don rarrabe abu biyu: raɓa a fuskar da take kallon ɗaki daga iska take, raɓa a fuskar da take manne da bango kuwa daga ginin take. Mai gidan da ya ƙi yarda a bar leda ta kwana a ɗakinsa, ya ba da dalilin a ƙara bincike.

Na'urar bango ba ta hatsi ba ce

Ana samun wanda zai sayi na'ura mai allura ya soka ta cikin buhun masara, ya ɗauki lambar da ta fito a matsayin danshin masarar. Kuskure ne. Hatsi yana da tasa na'ura, irin su Wile ta Finlan da Dickey-john ta Amurka, da kuma GrainMate wadda kamfanin Sesi Technologies yake haɗawa a Kumasi ta Gana, kuma kowane irin hatsi yana da saitinsa a cikinta. Ko lissafin ma ya bambanta: danshin katako ana gwada shi da nauyin busasshen katako, na hatsi kuwa da nauyin hatsin gaba ɗaya har da ruwansa.

Mai manyan kaya yana bukatar biyun, domin asara ta fuska biyu take zuwa. Masara da wake suna ajiyuwa lafiya a wajen kashi 13 ko ƙasa da haka, ɓararriyar gyaɗa kuwa sai ta sauka zuwa 7 ko 8. Wanda ya sayi buhu 300 na masara mai kilo 100 a danshi kashi 17, idan ta bushe zuwa 13 kowane buhu zai rasa kilo 4.6, watau kusan buhu 14 a tirela ɗaya ya biya kuɗin ruwa. Idan kuma bai busar ba ya jibge ta a sito mai laima, sai funfuna ta shiga, kuma wani irinta yana haifar da gubar afalatoksin mai lahani ga hanta. An gano wannan guba ne bayan mutuwar talo-talo kimanin 100,000 a Ingila a 1960, waɗanda suka ci ƙuli-ƙulin gyaɗar da aka kawo daga Barazil. Cibiyar Binciken Adana Amfanin Gona ta Nijeriya, mai hedkwata a Ilori, tana da reshe a Kano da kuma Fatakwal, kuma nan ne wurin neman shawara a kan wannan ɓangare.

Abin da za a saya

Ga ɗan kasuwar da yake son duba sito ɗaya ko biyu na kansa, na'ura mai allura ta isa, tare da ƙaramin ma'aunin danshin iska wanda za a rataye a cikin siton. Wannan na biyun shi ne mafi arha a cikin kayan, kuma ana iya cewa ya fi kowanne amfani, domin kullum yana aiki. Idan yana nuna sama da kashi 70 mako bayan mako, to kayan abinci ba su da kwanciyar hankali a wurin, ko da bango lafiya yake. Ana iya gwada gaskiyarsa a gida: a jiƙa gishirin miya a murfin kwalba har ya yi kamar jiƙaƙƙen yashi, a rufe shi tare da ma'aunin cikin leda ko gwangwanin da iska ba ta shiga, a bari ya kwana. Ya kamata ya nuna 75. Idan ya nuna 70, an san cewa kullum sai an ƙara masa 5.

Ga wanda zai mai da binciken sana'a, yana duba wa mutane gidaje ana biyansa, wadda ta haɗa iri biyun ita ce ta dace. Da marar allura zai share bango ya gano wurin da ake zargi, da mai allura kuma ya tabbatar, domin rodin da ya ruɗi ta farko ba zai ruɗi ta biyu ba muddin allurar ba ta taɓa shi ba. Yana da kyau ya ƙara da dogayen allurai masu rufi, waɗanda bakinsu kaɗai yake aunawa, ana zura su cikin ƙananan huji biyu da aka huda a bango da izinin mai gida. Da su ake sanin ko laimar a fuska ta tsaya ko har ciki take.

A wurin saye, sai a nemi abin gwajin da yake zuwa da na'ura mai allura, wani ɗan ƙarfe ne da ake ɗora alluran a kai ya ba da lamba sananniya. A tambaya ko ana samun alluran canji, domin suna lanƙwashewa kuma suna karyewa a filasta mai tauri. A duba irin batirinta ko ana samunsa a kasuwar gari. Na'urar da take da ma'aunin katako da na bulo da na kankare da na filasta duk a maɓalli ɗaya, ga arha, ga shi babu littafi, ba za ta rasa amfani wajen kwatanta wuri da wuri ba, amma lambarta ba abin kai wa gaban mai gida ba ne. Farashi kuwa yana bin canjin dala, tun da dukansu daga waje ake shigo da su. Ma'aunin da ya dace shi ne a gwada kuɗin na'urar da kuɗin buhunan da za su kwana a siton.

Ita ma na'urar laima tana cutar da ita. A riƙa cire batir idan za a daɗe ba a yi aiki da ita ba, a ajiye ta cikin akwatinta tare da 'yan ƙunshin nan masu shanye danshi da suke zuwa cikin kwalin takalma ko magani. Idan an fito da ita daga mota mai na'urar sanyi, a ba ta mintoci ta saba da iskar waje, domin raɓar da take kwanta mata tana sa lamba ta yi ta rawa.

Duk abin da aka auna a rubuta shi, da kwanan wata, da wurin da aka auna, da tsayinsa daga ƙasa, da ranar da aka yi ruwa na ƙarshe, a haɗa da hoto. Da wannan takarda ake zama da mai gida kafin a biya, ko dai ya yi gyara, ko ya rage kuɗi, ko a sa gyaran cikin yarjejeniyar haya a rubuce. Mafi kyawun lokacin bincike a Fatakwal shi ne tsakanin Yuni da Satumba, kwana ɗaya ko biyu bayan ruwa mai ƙarfi. Sabon gini kuwa yana da nasa hukunci, domin ruwan da aka kwaɓa siminti da shi bai gama fita ba. Magina sukan ƙiyasta wata guda ga kowane inci ɗaya na kaurin kankare, a kurmi da damina kuwa yakan ɗauki fiye da haka. Wanda ya zama dole ya shiga irin wannan sito, sai ya ɗora kayansa a kan dandamalin katako mai tsayin santimita 10 zuwa 15, ya bar aƙalla rabin mita tsakanin buhuna da bango, ya kuma sake auna gindin bangon bayan kowane mako biyu don ya ga ko lambar tana sauka.